Minti Bakwai na Farko: Wane Ɗakin Silima Ya Cancanci Riyal Ɗinka a Jidda?

Fim ɗin almarar kimiyya mai tsinka zuciya, irin na jirgin sararin samaniyar da aka daina jin ɗuriyar mutanen cikinsa, ko ɗakin gwajin da wani abu ya kuɓuce daga ciki, kusan duk dabararsa a fitowar farko ake zuba ta. Kayan aikin darakta a wannan wuri uku ne: duhu, shiru, da wani gurnani na can ƙasa wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Su ukun nan kuma su ne suka fi saurin lalacewa a ɗakin da ba a kula da shi ba. Fim ɗin barkwanci ko a waya ka kalla ba ka yi wata babbar asara ba. Wannan kuwa in ɗakin ya ci amanarsa, za ka fito kana cewa fim ɗin lami ne, alhali ba ka gan shi yadda aka yi shi ba.

Silima ba ta daɗe da dawowa Saudiyya ba. A Disambar 2017 aka sanar da ɗage haramcin da ya haura shekara 30, AMC ta buɗe ta farko a Riyad ranar 18 ga Afrilu 2018, VOX ta shigo Jidda a Red Sea Mall a farkon 2019, sannan Muvi, wadda kamfanin gida ce, ta buɗe a Mall of Arabia a cikin shekarar. Amfanin wannan ga mai kallo shi ne babu tsohon ɗakin silima ko ɗaya, duk kayan na bayan 2018 ne. Sai dai sabon kaya daban, saiti daban, kuma a wajen saitin ne ake samun bambanci tsakanin ɗaki da ɗaki, ko da a gini ɗaya suke.

Ga yadda irin wannan buɗewa take tafiya. Tambarin kamfani zai dusashe, allo ya koma baƙi ƙirin, ya zauna a haka na wasu daƙiƙu. Kafin ka ga komai sai ka fara jin wani abu, wataƙila numfashi a cikin hular ƙarfe, ko ɗigar ruwa a kan bene. Da gangan mai tace fim yake gabatar da sautin a kan hoton, don ƙwaƙwalwa ta fara neman inda abin yake tun ido bai samu abin kamawa ba. Daga nan wata 'yar fitila ja za ta bayyana a gefe, ka fahimci dogon lungu ne. Kyamara tana kan keken ƙarfe, ana tura ta gaba a hankali, a hankalin da ba za ka lura tana tafiya ba sai ka ga ƙofar da ke can ƙarshe ta ƙara girma. Yawanci gilashi mai faɗin gani ake ɗaura mata, kamar milimita 18 zuwa 24, saboda yana miƙar da lungun ya ƙara masa zurfi, bangon biyu kuma su riƙa wucewa ta gefen idonka. Fim ɗin faɗa yakan yanke hoto duk bayan daƙiƙa biyu ko uku. A nan ɗauka ɗaya za ta yi rabin minti, wani lokaci ta haura, kuma rashin yankewar shi ke takura mutum, don ya saba yanka ce ke ba shi damar sauke numfashi.

A ƙarƙashin duk wannan akwai sautin da girgizarsa ba ta wuce 30 zuwa 40 a daƙiƙa ba. Kunnen ɗan Adam yana fara ji ne daga wajen 20, don haka wannan yana dab da bakin iyaka, kujera da haƙarƙari sun fi kunne saninsa. Wasu masu kiɗan suna ɗora masa dabarar da Roger Shepard ya bayyana a 1964, inda ake jera sautuka ta yadda kunne zai ji kamar amon yana ta hawa ba ya kai ƙarshe. Sai a zare komai lokaci ɗaya. Shiru na daƙiƙa uku ko huɗu. Sannan a buga.

Wanda ya zauna a baya ya kalli mutane maimakon allo zai ga abin yana aiki daki-daki. Hirar ƙasa-ƙasa ce ke fara mutuwa. Hannun da ke shiga kwalin gugguru sai ya tsaya a ciki. Kafaɗu su ɗan ɗago, wata ta ja bakin mayafi ta kai baki. Idan bugun ya zo, sahu guda zai zabura tare, ka ji "bismillah" daga nan, "ya sattar" daga can, wani ɗan uwanmu a tsakiya ya saki "kai!" da ƙarfi. Bayan daƙiƙa biyu sai dariya. Dariyar nan ba raini ba ce, jiki ne ke sauke nauyin da ya ɗauka, kuma ita ce shaidar cewa ɗakin ya yi aikinsa. Inda aka zo wurin bugun mutane suka ci gaba da tauna, to ko dai darakta ya gaza, ko ɗakin ya kashe masa aiki tun kafin a zo nan.

Batun haske ya fi komai muhimmanci, kuma shi mutane suka fi rashin lura da shi. Ƙa'idar silimar dijital ita ce farin allo ya kai nit 48 (nit ma'aunin hasken allo ne). Wayar da ke aljihunka tana ba da ɗaruruwa. Ke nan hoton silima dama can mai rauni ne, duhun ɗaki ne ke ba shi ƙarfi. Majigi na yau da kullum mai ƙwan zinon, tazarar da ke tsakanin farinsa da baƙinsa wajen 2000 ne a kan 1, shi ya sa baƙinsa yake fitowa toka-toka. A lungun da aka ɓoye wata inuwa da ake so ka hango da ƙyar, tokar nan takan haɗiye ta gaba ɗaya. Ƙwan zinon kuma yana dusashewa da yawan aiki, in aka ja lokaci ba a sauya shi ba hoton ya zama kamar an kalle shi ta baƙin tabarau. Majigin lesa ya fi riƙe haskensa na dogon lokaci, amma shi ma yana da nasa: a kan allo mai ruwan azurfa yakan yi wani ƙyalƙyali kamar an watsa yashi, an fi ganinsa a wuraren ja da kore.

IMAX, wato ɗaki mai ƙaton allo, shi ne zaɓin farko ga irin wannan fim, da sharaɗi. Allonsa na dijital faɗinsa 1.90 ne a kan tsayi 1, na fim ɗin da aka saba kuma 2.39, don haka idan an shirya fim ɗin domin IMAX za ka samu ƙarin hoto kusan kashi 26 cikin 100 a sama da ƙasa. A fitowar lungu wannan ƙari rufi ne da bene, kuma da zarar rufin ya shigo idonka sai ka ji ka shiga ciki. Idan kuwa ba a shirya shi haka ba, babban allo da sauti mai ƙarfi kawai ka saya, wanda ba laifi ba ne amma bai kai kuɗin ba. A duba tallan fim ɗin, sukan rubuta in an ɗauke shi ko an faɗaɗa shi domin IMAX. Sautin waɗannan ɗakuna yana zuwa da ƙarfinsa, ba a cika rage shi ba, gurnanin ƙasan nan kuma yana isowa kujera. Matsalarsa sahun gaba. Daga sahu na huɗu zuwa gaba wuya ne zai sha wahala, kuma mai karanta tarjamar Larabci zai riƙa sauke ido can ƙasa yana ɗagowa, kafin ya dawo abin da ya gifta a kusurwar sama ya wuce.

Dolby Atmos yana biye, kuma a wasu fina-finan ma ya sha gaba. Akwai ruɗani a nan da ya kamata a warware: Atmos sauti ne kaɗai, bai shafi hoto ba. Wanda ya haɗa sauti da hoto shi ne Dolby Cinema, mai majigin lesa biyu, farinsa nit 108, baƙinsa kuma baƙi na gaske har ka kasa gane inda allo ya ƙare. In ka ci karo da shi kada ka tsaya shawara. Atmos ɗin kansa, wanda ya fito a 2012, yana ɗaukar layin sauti har 128, ya rarraba su ga lasifikoki har 64, ciki har da jere biyu a rufi. Tsohon tsari bango guda yake ba sauti ɗaya. Shi kuwa wannan yana iya ɗaukar takun wani abu ya bi da shi ta saman kanka daga baya zuwa gaba, lasifika bayan lasifika. A fitowar da ba a ganin komai sai ji, wannan ne ke sa rabin ɗakin su ɗaga kai su kalli rufi, sun san babu komai a can amma sai sun duba. Illa dai majigin irin wannan ɗaki zai iya zama na yau da kullum, don haka kunnenka zai ƙoshi, ido kuma ya samu abin da ya samu.

4DX, na kamfanin CJ na Koriya ta Kudu, yara da matasa suna son sa, kuma a fim ɗin tseren mota yana da daɗi. Ga wannan nau'i bai dace ba. Kujera tana motsi, fankoki suna hura iska, ana fesa ruwa, ana walƙiya da fitilun bango. Injinan nan duk suna da ƙara, kuma a daƙiƙu huɗun shirun da aka gina fitowar a kansu, hucin iska za ka ji. Walƙiyar bango kuma tana wanke duhun da idonka ya sha wahalar sabawa da shi. Akwai maɓallin kashe ruwa a hannun kujera, babu na kashe sauran. ScreenX, mai haska bangon hagu da dama, shi ma haka: a wasu fitowa kawai gefen ke kunnuwa, kuma haskensu yana komawa kan babban allon ya rage masa baƙi.

Ɗakunan alfarma masu kujerar kwanciya da bargo, a nan akwai abin dariya. Ka biya mafi tsada, amma abincin da ka yi oda yakan iso ne daidai lokacin da fim ke farawa. Ma'aikaci zai ratso da tire, ya sunkuya ya tambaye ka ko naka ne, cokali ya bugi faranti, wani wurin ma da 'yar fitila a kan teburin. Ga mai son hutawa da iyali ba shi da aibu. Wanda ya zo don minti bakwai ɗin nan ya roƙa a kawo masa kafin a kashe fitila, ko a bari sai fim ya yi nisa.

Ɗaki na yau da kullum shi ne sa'a. Wani ya fi masu tsadar ma natsuwa, wani kuma sai haƙuri. Ana iya gane shi tun lokacin talla. Idan allo ya yi baƙi tsakanin talla biyu, duba kusurwoyinsa na ƙasa: in akwai kore ko ja a kwance a wurin, fitilar ƙofar fita ce ko ta matakala ke zuba a kai, kuma haka za ta zauna har ƙarshe. Duba tarjama ma, ɗigon haruffan Larabci irin ba da ta da nun su fito tsaf kowanne da kansa. In sun narke sun haɗe, saitin gilashin majigi ya goce. In tsakiyar allo ya fi gefe haske sosai, hoton kuma gaba ɗaya ya yi duhu, akwai yiwuwar ɗakin 3D ne aka bar matatar hasken a gaban majigin, kuma takan cinye haske mai yawa. Wani abin kuma, fim mai faɗin 2.39 idan aka haska shi a allon 1.85 zai bar fili sama da ƙasa. Da can baƙin labule ake ja a rufe. Yanzu ɗakuna da yawa ba su da shi, sai ka ga toka biyu sun sa hoton a tsakiya, a fitowa mai duhu ba ka bambance hoto da filin.

3D kuwa a bar shi kawai. Tabarau da matata suna rage hasken da ya isa ido zuwa ƙasa da rabi, a fim ɗin da dama duhu ne jarinsa.

Sauti yana da lamba, kuma sanin ta yana da amfani. A na'urar Dolby da ke ɗakin majigi akwai ma'auni daga 0 zuwa 10, kuma a kan 7 ake haɗa sautin fim a situdiyo. A wannan matsayi kowace lasifikar bayan allo tana iya kaiwa desibel 105 a ƙololuwa, ta gurnanin ƙasa kuma 115. Silimomi da yawa a duniya suna saukar da shi zuwa 5.5 ko 5 saboda ƙorafin masu cewa ya yi ƙara. Daga 7 zuwa 5.5 ragin desibel 5 ne. A kan takarda kaɗan ne, sai dai kunne ya fi saurin rasa sautin ƙasa idan aka rage, don haka gurnanin ne ke fara ɓacewa, sai raɗa da numfashi su bi shi. Bugun zai zo, amma babu abin da ya share masa hanya. A Jidda akwai ƙarin abokin gaba, wato na'urar sanyaya ɗaki, wadda ba ta hutawa saboda zafi da gumin teku. Inda bututunta ke huci, shirun fim ya zama hucin iska. Haka in bango bai da kauri, fashe-fashen fim ɗin maƙwabta za su riƙa ratsowa. Saurara da kyau kafin a fara. In kuma ka ji wani abu na karkarwa a rufi duk lokacin da gurnani ya taso, wani faifan silin ne ko murfin fitila ya saki, ba cikin fim ɗin yake ba.

Yawancin ɗakunan yanzu babu mutum zaune a bayan majigi, kwamfuta ce ke kunna komai bisa jadawali. In ka ga matsala babu wanda ya gani sai kai. Fita tun ana talla, nemi mushrif, wato mai kula da wurin, faɗa masa lambar ɗakin da abin da ka gani a taƙaice. Fitilar da aka manta a kunne ko sautin da ya yi ƙasa abu ne na minti ɗaya. Ƙwan da ya tsufa ba za a gyara shi a daren ba, sai dai ka nemi a sauya maka lokaci ko ɗaki.

Kujera: tsakiya, kashi biyu cikin uku na tsawon ɗakin daga allo. A wajen nan ake kafa makirufo idan ana saita sauti, don haka nan ne hagu da dama da rufi suke haɗuwa daidai. A ɗaki mai sahu 12, na 8 ke nan. Sahun ƙarshe da matasa ke rububi, jikin bango ne, gurnani yana taruwa a wurin ya kumbura, lasifikokin baya kuma suna kan kanka. Kujerar bakin hanya tana kusa da fitilun matakala da masu shigowa a makare.

Makara ita ce babbar ɓarna, kuma tamu ce, ba ta silima ba. Ido yana buƙatar kamar minti 10 kafin ya ɗan saba da duhu, cikakken sabo kuma minti 20 zuwa 30. Wanda ya fito daga hasken kasuwar zamani ya faɗa ɗaki ana tsakiyar fitowar farko, baƙin allo kawai zai gani, sannan ya kunna tocilar waya yana neman lambar kujera, ya ɓata wa sahu uku nasu idon. Tallan nan na kusan kwatan awa da kowa ke tsaki a kai, ga mai kallon irin wannan fim alheri ne, lokacin sabon ido ne. A shiga a kan lokacin da ke jikin tikiti, a sa waya a aljihu tun daga nan. Duba saƙo sau ɗaya ya isa ya mayar da kai baya.

Sai ɗabi'ar da muka taho da ita daga gidan kallo, ta wanda ya riga ya gani ya zama mai fassara. "Yaya, kalli ƙofar can, yanzu zai fito." A fim ɗin Indiya mai awa uku wannan wani ɓangare ne na daɗin. A nan kuwa jimla ɗaya ta rushe abin da aka yi minti shida ana ginawa. Babba a cikin tawaga ya ja kunne tun a mota: ƙanena, riƙe bakinka har sunan fim ya fito a allo, bayan nan ka yi sharhinka.

Game da lokaci, daren Alhamis da na Juma'a ɗaki yakan cika, zaburar jama'a ta fi armashi, amma masu makara da hasken waya ma sun fi yawa. Ɗakin da babu kowa kuma tsoron ba ya yaɗuwa, don rabin zaburarka ta maƙwabcinka ce. Mafi daɗi shi ne ɗaki rabin cika a tsakiyar mako, bayan isha'i, a makon farko ko na biyu na fitowar fim, kafin a ɗauke shi daga babban ɗaki a mayar ƙarami. Masu gangarowa daga Makka ta jirgin ƙasan Haramain, daga Rusaifa zuwa Sulaimaniyya tafiyar ba ta da tsawo, amma manyan silimomin suna arewacin gari, a ƙara lokacin mota da cunkoson Titin Madina a lissafi, a kuma duba jirgin ƙarshe na komawa kafin a yanki tikitin dare. Irin waɗannan fina-finai sukan zo da alamar R15 ko R18, ana iya neman shaidar shekaru a ƙofa, don haka igama, wato katin izinin zama, ta kasance a kusa, kuma kada a ɗauko yara a zo ana roƙo a bakin ƙofa.

In fim ɗin an shirya shi domin IMAX, a ba IMAX kuɗin, sahu na tsakiya zuwa baya. In ba haka ba, Atmos. In aljihu bai kai ba, ɗaki na yau da kullum ba tare da 3D ba, a zaɓi mafi girma a ginin, wanda taswirar kujeru a manhajar sayen tikiti za ta nuna maka ta yawan sahunsa. Gugguru kuma a ci shi lokacin talla, ko a jira sunan fim ya bayyana.